Tatsuniya da Tsakar Rana

Kwanakin baya jikata ta kai ni asibitin Birnin Kudu a duba mini ido, don yanzu in na ɗauki littafi sai baƙaƙen su riƙa hawa kan juna. Muna ratsawa ta ɓangaren yara na ce mata mu ɗan tsaya. Darbejiyar da na sani babu ita, an yi gini a wurin. Ban ji haushi ba. Itace ne, masu ciwo kuma sun yi yawa, dole a nema musu inda za su kwanta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shirun wurin. Yara na kwance a jere, kowa da wayar uwarsa a hannu, mutum bai san abin da ke ba maƙwabcin gadonsa dariya ba. Jikata ta ce, "Kaka, layi zai wuce mu." Na ce mata ya wuce, ai ido ba yau ya fara ciwo ba.

A wannan wurin na yi wata damina ina ƙarama, ba a daɗe da sauke tutar Bature ba. Mu mutanen wajen Maruta ne, masu 'yan shanu da 'yar gona, Fulanin da bakinsu ya riga ya juye Hausa. Mahaifiyata ta rasu wajen haihuwar ƙanina, shi ma bai zauna ba, sai kakata ta wajen uwa ta ɗauke ni. Ita nake kira Inna. Safiya a gidanta da sauti take farawa tun ido bai gama buɗewa ba: kukan maraƙin da aka raba da uwarsa, tsartuwar nono cikin ƙwarya, sai taɓarya daga gidan maƙwabta, wannan ta buga waccan ta amsa. Aikina shi ne wanke ƙore, da janye maraƙi zuwa inuwa, da hura wuta. Yaran yanzu in ka ce su hura wuta sai su tsaya suna neman inda ake murɗawa. Ba laifinsu ba ne, abin da suka taras ke nan.

Inna gwanar tatsuniya ce, duk unguwar an sani, amma tana da doka. Sai an ci tuwo an wanke hannu, duhu ya rufa, sannan za ta gyara zama. Da rana kuwa ko "ga ta nan" ba ta yarda a furta a gabanta. Ta ce duk yaron da ya saurari tatsuniya rana na sama, wata rana zai fita ya kasa gane hanyar gida. Haka ta ji wurin nata iyayen, ba ta kuma ga dalilin gwadawa ba. Manyan yara suna da dabararsu: in suna son yi da rana sai su zare ciyawa ɗaya daga jikin zana su ƙulla ta, wai an ɗaure sharrin abin. Inna ba ta yarda da wannan ba ma. Ta ce ƙullin yara ne, ita ta riga ta rasa 'ya, ba za ta yi wasa da jika ba.

Wata safiya a farkon damina ina durƙushe ina hura wuta, itacen jiƙaƙƙe ne, na matsa kusa, bakin zanena ya kama. Ban tuna zafin ba. Abin da na tuna ƙauri ne, da Inna tana mirgina ni a ƙasa. Babana ya ɗora ni a jaki zuwa Gwaram, a nan aka roƙi direban wata babbar mota mai kai hatsi ya tafi da mu. Wutar ta ci cinyata da gefen cikina, har yau tabon yana nan. Baba ya ɗan kwana biyu ya koma, don shuka ba ta jiran mai jinya. Aka bar ni da Inna, da tabarmarta, da ƙwaryarta.

Ɗakin yara dogo ne, gadaje na ƙarfe, ƙasa tana warin maganin da ake goge ta da shi. Gadona yana bakin taga. Kowace safiya sai a turo wani ɗan tebur mai taya, ƙarar tayarsa kawai in na ji sai jikina ya hau rawa, don na san wankin ciwo ne ya zo. Sannu a hankali na daina ci. Ba taurin kai ba ne, bakina ne ya ƙi. Inna ta dama kunu na kawar da kai, ta nemo fura da nono wurin matan da ke zama a bakin ƙofar asibiti na kawar da kai. Ta lallashe ni, ta yi faɗa, ta kira ni da sunan uwata don in ji kunya, duk a banza. Sai na juya fuska bango. Wata ma'aikaciyar jinya, doguwa, 'yar Kudu ce mai Hausa da ɗan gargada, ta tsaya kan gadona tana zaton barci nake, ta ce wa Inna, "Mama, mu wanke ciwo muke yi, amma abinci ne yake rufe shi. In yarinyar nan ba ta ci ba, ba za ta koma gida ba." Na ji Inna tana juya ludayi cikin ƙwarya.

Akwai wani sauti kuma da ke zuwa bayan sallar azahar, ƙwas, ƙwas, a kan siminti. Wani malami ne daga ɗakin maza, mutumin Kangire, malamin yaƙi da jahilci. Keke ya kayar da shi a hanyar zuwa koyar da manya, ƙafarsa ta karye, aka ɗaure ta da farin simintin asibiti, aka ba shi sanduna biyu masu shiga hammata. Zaman gado ya ishe shi. Sai ya roƙi masu jinya su bar shi ya riƙa zuwa barandar yara, ƙarƙashin inuwar darbejiya, da wani ɗan littafi a aljihun rigarsa. Yaran da za su iya tafiya su fito, waɗanda ba za su iya ba a ɗauko su. Akwai mai karaya, akwai mai kumburin ciki, akwai wata da aka naɗe wa ido biyu, akwai wani maraya da ba mai zuwa duba shi sai ranar kasuwa. Yawancinmu ba wanda ya taɓa riƙe littafin boko.

Ni dai abin da na sani game da karatu shi ne allo da bulala da maimaitawa. Wannan malamin ba ya ko ɗaya. Yana miƙe ƙafarsa a kan benci, ya buɗe littafin, ya fara kamar mai hira. In tsohuwa ce ke magana a ciki sai ya maƙale murya, in sarkin pawa ne sai ya kumbura kumatu. Yakan tsaya a tsakiyar magana ya ce, "To, in kai ne me za ka yi?" Sai gardama ta kaure, kowa da shawararsa, shi kuwa yana ta dariya. In an zo inda akwai hoto sai littafin ya zaga hannu hannu. Yarinyar da aka naɗe wa ido ma ana ba ta, ta shafa, ta shinshina, ta ce warinsa kamar na sabon buhu. Doka ɗaya gare shi: ba ya buɗe littafi sai kowa ya nuna masa ƙasan kofin kununsa.

Inna na ganin abin da ake yi ta tashi ta rufe taga. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta buɗe, ta ce mai ƙuna yana son iska. Inna ta jira ta fita ta sake rufewa. Haka suka yi ta yi, ba wadda ta ɗaga wa wata murya, tagar dai ita ta sha wahala. Muryar malam kuwa ko a rufe tana shigowa. Labarin wani yaro ne makiyayi, maraya, yana zaune wurin kakarsa. Uwarsa ta bar masa farar karsana guda ɗaya, wata rana da damina ta ɓace. Kawunsa ya ce ya nema duk inda yake so, amma kada ya kuskura ya shiga kogi in ya cika. Yaron ya bi sawu gari gari, kullum da abin da zai gamu da shi. Mu ma muna da farar karsana a gida. Ban san lokacin da na juyo daga bango ba.

Malam ya lura da ni. Wata rana ya dogara sandunansa har bakin taga, ya yi sallama, ya ce, "Inna, a ba mu aron yarinyar nan mana, wurin zama bai cika ba."

Inna ta ce, "Malam, da girmanka da gemunka kake yi wa 'ya'yan mutane tatsuniya da tsakar rana?"

Ya ce, "Ai ba tatsuniya ba ce, Inna. Karatu ne."

Ta ce, "Na san karatu. Ban taɓa jin karatun da ake dariya a cikinsa ba."

Ya yi murmushi ya ce, "To da dare ba fitila a baranda, kuma ana rufe ƙofa. Shi littafi sai da haske."

Ta ce, "Wannan kuma damuwar littafi ce."

Bai ja da ita ba. Ya dube ni ya ce yau yaron zai shiga kasuwa neman karsanarsa, amma shi ba zai fara ba sai ya ga ƙasan kofin kowa, har da na mutanen taga. Na miƙa hannu. Ban shanye ba, kurɓi kaɗan na yi, amma Inna ta gani. Daga ranar ba ta ƙara taɓa tagar ba. Ba ta kuma ce ta yarda ba. In malam ya zo sai ta ja tabarmarta can gefe, ta ba baranda baya, ta zuba wake a faifai tana tsincewa. Waken nan ya sha tsinta a daminar nan, ban ga tsakuwar da ta rage a cikinsa ba.

Na fara ci kaɗan kaɗan, don kada a fara babu ni. Daga baya har aka riƙa ɗauko ni zuwa baranda. Malam yakan sa yatsa ƙarƙashin layin da yake karantawa, ni kuwa ina kallon yatsan ina mamaki, wai duk wannan kasuwa da shanu da sarkin pawa suna cikin waɗannan 'yan baƙaƙen. Yanzu na ga ana tara yara a yi musu karatu, wasu samari da 'yan mata ma suna zuwa gidajen marayu suna yi, Allah Ya yi musu albarka. Sai dai na lura da yawansu suna gaggawa, su gama shafi su tambayi yaro darasin da ya koya. Malam bai taɓa tambayarmu darasi ba. In ya ga mun fi son wani wuri sai ya koma ya sake karanta shi, ko da sau nawa ne.

Ranar da yaron ya iso bakin kogi, kogin ya cika ya batse, ga karsanarsa a tsallake tana kuka, sai malam ya rufe littafin ya ce sai gobe. Muka yi ta roƙo ya ƙi. Washegari bayan azahar muka jira ƙwas ƙwas ba mu ji ba. Ashe da safe an cire masa simintin, 'yan'uwansa sun zo da mota ranar kasuwa, ba a samun mota kullum, suka tafi da shi. Littafin kuma ba nasa ba ne, na ajin da yake koyarwa ne. Ya bar mana sallahun gaisuwa wurin ma'aikaciyar jinya. Gaisuwa kuwa ba ita muke jira ba.

Sauran yara sun yi ƙorafi suka manta. Ni na koma bango. Abin zai ba mutum dariya yanzu, amma a lokacin gani nake yaron nan yana tsaye a bakin ruwa, ba mai zuwa, kuma ba zai taɓa komawa gida ba. Na sake daina ci, wannan karon ko ruwa sai an matsa. Ciwon da ya fara haɗewa ya tsaya. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta duba, ta kira Inna waje, ban ji abin da ta ce ba, amma na ga fuskar Inna da ta dawo.

Rana na tsaka, lokacin da malam ya saba zuwa, Inna ta fita ta dawo da ƙwarya a rufe da faifai. Ta ajiye. Ta daɗe a zaune. Sai na ga ta kama bakin tabarmarta, ta zare kaba ɗaya, ta ƙulla, ta ja ƙullin da haƙori. Irin ƙullin da ta ce na yara ne. Ta tura shi ƙarƙashin matashina ta ce, "Juyo nan."

Ban juyo ba.

Ta ce, "Da malam zai tafi na tare shi a bakin ƙofa. Na ce ba zai tafi da ƙarshen labarin mutane ba. Ya faɗa mini. In ba kya so in bar abina."

Na juyo. Yaran gadajen kusa ma suka matso.

Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ban taɓa jin wannan kalma daga bakinta da rana ba, muryarta ma ta fito kamar ba tata ba. Muka amsa. Ta ɗauko labarin daidai inda malam ya ajiye shi, ba ta ɓata sunan gari ko ɗaya ba, har abin da sarkin pawa ya faɗa ta tuna. Mai tsintar wake ashe ba abin da ya wuce ta. Ta ce yaron ya sa ƙafa a ruwa, sai ya tuna maganar kawunsa, ya janye. Ya zauna a kan yashi ya yi kuka har ya gaji. Can sai ya tuna yadda uwarsa take kiran karsanar nan tun tana maraƙa. Inna ta yi kiran, irin wanda uwata take yi wa tamu, na daɗe ban ji shi ba. Karsana ta ɗaga kai, ta faɗa ruwa da kanta, don saniya ta fi mutum iya kogi, ta haye ta zo ta lashi hannunsa. Suka kamo hanya. Kakarsa tana bakin ƙofa tun ranar da ya tafi. Ta dube shi ta ga ya rame ya zama ƙashi, ba ta tambaye shi komai ba, ta dama fura da nono ta miƙa masa. Ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga ƙasan ƙwarya.

Ta ce ƙurunƙus, ta ɗaga faifai, ta miƙo mini ƙwaryar. Na kafa kai.

Kafin a fara yankan gero aka sallame mu. Na gane hanyar gida sarai, ni ce ma na fara hango rimin unguwarmu. Inna ba ta ƙara yin tatsuniya da rana ba har ta bar duniya, ba ta kuma yarda a tayar da zancen ba. In na tuna mata sai ta ce in je in duba maraƙi.

Shekaru suka wuce, kuɗin mai ya shigo, aka shimfiɗa kwalta, rediyo ya shiga kowane gida, tatsuniya ta fara ja da baya. Aure ya kawo ni Birnin Kudu. Aka buɗe ajin matan aure a unguwarmu na shiga. Wata tana son ta iya karanta katin awo, wata wasiƙar mijinta da ke Legas. Malamar ta tambaye ni nawa dalilin, na ji kunyar faɗa, na ce ni dai ina so ne kawai. Inna ta riga ta rasu a lokacin. Wata ranar kasuwa na tsaya wurin mai shimfiɗa littattafai a tabarma, sai ga farar karsana a bangon wani ɗan littafi. Na saya na ɓoye cikin mayafi kamar wadda ta yi sata. Na yi kwanaki ina bin sa da yatsa, ina haɗa baƙi da baƙi, tsakanin girki da wanki. Komai yana nan yadda malam ya karanta, har bakin kogi.

Na juya shafi. Yaron ya shiga ruwa. Ruwa ya tafi da shi, ba a ga ko gawarsa ba. Karsanar wani mahauci ya tsinta. A ƙasan shafin aka rubuta cewa wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Na duba ko akwai wani shafin da ya manne, babu.

Na daɗe zaune da littafin a cinya har tuwona ya kama. Ban san ko malam ya san inda labarin zai kai mu ba, ko shi ma yana da niyyar gyara shi. Ban kuma san ko Inna ta tare shi a bakin ƙofa ba. Abin da na sani shi ne, ko ya faɗa mata ko bai faɗa ba, wannan ƙarshen ba daga bakinsa ya fito ba. Ta karya dokar da ta gada, ta ƙara da ƙarya a kai, tsohuwar da ban taɓa kama ta da ƙarya ba, ta kuma tafi da abinta kabari. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na yi kewarta a ranar fiye da ranar da aka binne ta.

Littafin yana nan, bangonsa ya fita. Na karanta wa 'ya'yana, na karanta wa yaran unguwa da ke taruwa a zaurenmu bayan azahar, musamman waɗanda ba su da mai yi musu a gida. Ita wannan jikar tawa da ke tsoron layi ya wuce mu, tana ƙarama ta yi wani zazzaɓi mai tsanani, ta ƙi cin komai. Na zauna bakin gadonta na karanta mata, har muka iso bakin kogi, na ci gaba yadda na saba. Na manta ta riga ta shiga makaranta. Ta leƙo shafin, ta bi shi da ido, ta ce, "Kaka, ba haka aka rubuta ba."

Na ce mata na sani. Na ce ta shanye kununta.